Tarihin Samuel Ajayi Crowther, bawan da ya zama bishop

A ranar 31 ga watan Disamba na shekarar 1891 ne Samuel Ajayi Crowther ya rasu a birnin Legas, yana da shekaru sama da 80 a duniya. Shi ne baƙar fata na farko da cocin Ingila ta naɗa a kan muƙamin bishop, kuma shi ne ya jagoranci aikin fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa harshen Yarbanci. To amma kafin wannan ɗaukaka an taɓa musanya shi da doki, an kuma sayar da shi a bakin taba da barasa, sa'an nan bayan ɗaukakar ya ɗanɗani wulaƙanci a hannun mutanen da suke addini ɗaya da shi.

Mabiya addinin Kirista a Nijeriya sukan buga misali da shi idan ana zancen mutumin da ya dogara ga maganar Ubangiji, kamar yadda ya same ta a cikin littafinsa, a lokacin daɗi da kuma lokacin wuya. Ga mutanen Arewa kuwa tarihinsa bai yi nisa da gida ba, domin ya shafe shekaru masu yawa yana kai da kawowa tsakanin Lakwaja da Raba da Bida, kuma sarakunan Nufe sun san shi farin sani.

Yaƙi da bauta

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, wanda a yanzu yake cikin jihar Oyo. Zamani ne da daular Oyo ta fara wargajewa, yaƙe-yaƙe sun game ƙasar Yarbawa, kuma Turawan Fotugal na bakin teku suna sayen duk wanda aka kamo. Wata safiya a farkon shekarar 1821, mutane na shirin karya kumallo, sai mahara suka yi wa garin ƙawanya. Kamar yadda shi da kansa ya rubuta daga baya, maharan sun haɗa da Musulmin Oyo da Fulani. Ganinsa na ƙarshe da mahaifinsa shi ne lokacin da uban ya shigo gida a guje ya umarci iyalinsa da su gudu, sa'an nan ya koma fagen fama. Ba su yi nisa ba aka kama yaron da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka zarga musu igiya a wuya, suna tafe suna hangen garinsu yana ci da wuta.

Da aka raba ganima sai aka raba shi da uwarsa, aka ba da shi a bakin doki. Bayan wata biyu dokin bai gamsar ba, aka warware cinikin aka maido shi. Ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa na 'yan watanni, kafin wata rana a kai shi kasuwar Ijaye a sayar wa wata mata. Da ya fahimci cewa bakin teku ake nufa da shi, inda ake cewa Turawa na kwashe mutane ba a sake jin ɗuriyarsu, sai ya yanke ƙauna, har ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamararsa, amma ya kasa. Haka ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya isa Ikko, inda ya yi watanni ɗaure cikin sarƙa.

A watan Afrilun 1822 aka loda shi tare da wasu bayi kusan 190 a cikin wani jirgin ruwan 'yan Fotugal mai suna Esperança Feliz, wato kyakkyawan fata. Jirgin bai kai ga barin gaɓar Legas ba sai jiragen yaƙin Birtaniya masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Yaran ba su san cewa ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye a cikin jirgin Ingilishi sai suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne, harsasan igwa da aka tara a gefe kuma suka zaci kawunansu ne.

A watan Yuni na wannan shekara aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda Birtaniya ke zaunar da bayin da ta ƙwato. Aka danƙa Ajayi ga 'yan mishan na ƙungiyar cocin Ingila da ake kira CMS a ƙauyen Bathurst, kuma cikin wata shida ya iya karanta Linjila da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. A ranar 11 ga Disambar 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na birnin Landan, Samuel Crowther. Shi ne ɗalibi na farko da aka rubuta a kwalejin Fourah Bay da aka buɗe a 1827. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, aka sa mata suna Susan, suka kuma zauna tare har shekara 50.

A shekarar 1837 ya rubuta labarin kama shi a cikin wata doguwar wasiƙa, kuma a nan ne mutum zai ga tushen da ya gina sauran rayuwarsa a kai. Bai rage komai daga zafin abin da ya same shi ba. Amma duk da haka ya bayyana ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki kuma ranar albarka, domin a imaninsa ta wannan hanya ce Allah Ya tsara zai kai shi ga sanin littafinsa. Mai karatu zai tuna da ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka sayar da araha, daga baya kuma ya ga hikimar Allah a cikin abin da aka yi masa. Ita ma wannan ƙissa tana cikin littattafan da Crowther ya zo ya fassara.

A kan kogin Kwara

A shekarar 1841 gwamnatin Birtaniya ta tura jiragen ruwa uku masu aiki da tururi su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan barin cinikin bayi da kama noma da fatauci. CMS ta sa mutum biyu a cikin tawagar, Crowther da wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa da littafin Magana Hausa, da taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu. Tafiyar ta zama bala'i. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa sama da 40, kuma jirgi ɗaya ne kawai ya kai Egga a ƙasar Nufe kafin ya juyo. Darasin da CMS ta ɗauka shi ne, in dai ana son aiki ya ɗore a wannan yanki, to sai 'yan Afirka ne za su yi shi. Aka kira Crowther Ingila ya ƙaro karatu, aka naɗa shi limamin coci a 1843, kuma a wannan shekara ya fitar da littafinsa na farko a kan kalmomin Yarbanci.

Daga nan aka tura shi ƙasarsa ta haihuwa tare da wani Bature, Henry Townsend. Sun isa Abekuta a watan Agustan 1846, kuma bai yi wata guda a garin ba aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. Ita ma ta sha hannun masu bayi fiye da sau ɗaya, 'ya'yanta mata ne suka fanshe ta. A 1848 tana cikin rukunin farko da aka yi wa baftisma a Abekuta, aka sa mata suna Hannah, wato sunan mahaifiyar Annabi Sama'ila na Bani Isra'ila da Kirista ke kira Samuel.

A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta a fadar Windsor, ya yi musu bayanin cinikin bayi da ake yi a Legas a ƙarƙashin Sarki Kosoko. A ƙarshen wannan shekara jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, bayan shekara 10 kuma aka mayar da ita ƙarƙashin mulkin mallaka. Wannan wuri ne da masana tarihi ke tsayawa a kai, kuma suna da hujja. Mutumin da sojan ruwan Ingila suka ƙwato daga cikin jirgin bayi da wuya ya yi musu kallon 'yan mamaya, kuma bisa ga dukkan alamu bai hango inda abin zai ƙare ba.

Ya sake hawa kogin a 1854 tare da likita William Baikie, suka shiga Binuwai, kuma a wannan karo ba wanda ya mutu, saboda an riƙa shan maganin kwinin. A 1857 suka koma a cikin jirgi mai suna Dayspring, ya kafa tashar mishan a Anaca, ya bar wani limami ɗan asalin ƙabilar Ibo daga Saliyo, J. C. Taylor, ya wuce arewa da burin isa Sakkwato. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Sun yi kimanin shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgin. Crowther bai zauna zaman jira ba. Ya shiga koyon Nufanci, yana zuwa Raba yana zantawa da malamai da fataken Hausawa masu ƙetare kogi, kuma daga wannan zama ne littafin koyon karatun Nufanci na 1860 da nahawunsa na 1864 suka samo asali. Sakkwato kuwa bai taɓa isa ba har ya bar duniya.

Wuta ta cinye aikin shekara 11

Duk wannan kai da kawowa bai raba shi da babban aikinsa ba, wato mayar da Littafi Mai Tsarki cikin Yarbanci. Ya dage a kan lalle sai an riƙa sa alamomin karin sauti a rubutu, domin a Yarbanci, kamar a Hausa, sauyin murya na sauya ma'ana. Yakan zauna da dattawa da bokayen Ifa da malaman Musulmi yana sauraron yadda suke sarrafa harshe, yana rubutawa. Shi ya sa wanda ya ji Hausa zai gane wasu kalmomi a cikin Baibul na Yarbanci, kamar adura, wadda ta fito daga addu'a, da woli a ma'anar annabi, daga waliyyi, da alufa, sunan da Yarbawa ke kiran malamin Musulunci da shi, wanda aka ba limamin coci. Ba kowane zaɓi nasa ne ya tsira daga suka ba. Har yanzu masu addinin gargajiya na Yarbawa na ƙorafin cewa an yi wa abin bautarsu Eshu ƙazafi da aka ba Shaiɗan sunansa.

A watan Disambar 1862 gobara ta tashi a gidansa na Legas. Ban da kayan gida, wuta ta cinye daftarin fassarar wasu littattafan Attaura, da kalmomi da karin maganar Yarbanci da ya yi shekara 11 yana tarawa. Wanda ya taɓa rasa rubutun hannunsa a zamanin da babu kwafi na biyu shi ne zai san nauyin wannan hasara. A wasiƙar da ya aika Landan ya nuna cewa takardun sun fi dukiyar ƙona masa rai. Sa'an nan ya sake ɗaukar alƙalami ya faro daga farko. Sai a 1884 aka kammala fassarar littafin baki ɗaya, shi da wasu abokan aikinsa.

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa coci mai ciyar da kanta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta, sa'an nan ya tattara nasa ya nasa ya yi gaba. Saboda haka ya nace sai an naɗa Crowther bishop. Shi Crowther ya yi ta noƙewa, Townsend kuwa, abokin tafiyarsa zuwa Abekuta, ya fito fili ya yi adawa da a sa Bature a ƙarƙashin baƙar fata. A ranar 29 ga Yunin 1864 aka yi naɗin a babbar majami'ar Canterbury, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin mahalarta har da Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce. Sai dai an yi wa muƙamin gyaran fuska. An ba shi ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan da ke aiki a Legas da Abekuta da Ibadan kuwa ba su shiga ƙarƙashinsa ba. Wato an naɗa Bayarbe bishop, an kuma hana shi ƙasar Yarbawa.

Haka ya koma bakin kogi, ba kuɗi isassu, ba jirgin kansa, sai ya jira jiragen 'yan kasuwa da ke hawa sau ɗaya a shekara idan ruwa ya cika. A 1867 wani basarake mai suna Aboko ya tsare shi da ɗansa Dandeson kusa da Idah na tsawon kwanaki, yana neman fam 1,000 a kan kowannensu. Mataimakin jakadan Birtaniya a Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙi biya, aka yi rububin shiga kwalekwale, aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu.

A fadar sarakunan Musulmi

Hulɗar Crowther da Musulmi ta fara ne da kuskure, kuma shi da kansa ya ba da labarin. Lokacin da yake malamin makaranta a Saliyo wani yaro Musulmi ya zo aji da laya a wuya, sai ya tsinke ta. Uban yaron ya zo a fusace, aka shirya zaman muhawara da dattawan Musulmi. Crowther ya zo da Baibul da fassarar Alƙur'ani ta Turanci da hujjojin da ya haddace, su kuwa dattawan suka tsaya a kan magana ɗaya, cewa Allah ba Shi da ɗa, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ManzonSa ne. Aka tashi ba wanda ya gusa ko taƙi ɗaya.

Daga nan ya bar gardama. Ya yanke wa kansa cewa idan aka tambaye shi a kan addininsa zai buɗe littafi ne ya karanta abin da ke ciki, ba ƙari ba zagi, ya bar maganar ta yi aikinta. Ya kuma umarci ma'aikatansa da su guji aibata addinin mutane, su nemi koyon Larabci. Yakan kai wa sarakuna kyautar Baibul na Larabci.

Da wannan hali ya samu shiga a wurin Etsu Masaba na Bida, wanda Lakwaja ke ƙarƙashin kariyarsa. A ƙarshen 1871, da jirgin da Crowther ke ciki ya kafe saboda janyewar ruwa, Masaba ne ya haɗa shi da 'yan rakiya ya bi ta ƙasa zuwa Legas. A kan wannan hanya ya yada zango a Ilori, inda sarki ya tara fadawa da malamai aka yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa, alaihissalam: yadda aka haife shi, da ko zai dawo, da kuma yaushe. Kowace tambaya sai ya buɗe Linjila ya karanta da Yarbanci, ya fara da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu, abin da ya san ba baƙo ba ne a kunnen masu sauraronsa. A ƙarshe aka nemi ya yi addu'a, sai ya karanta wadda cocin Ingila ke yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan sarkinta ake sawa. Aka rabu cikin mutunci.

Kada a ɗauka cewa sarakunan nan sha'awar addininsa suke yi. Abin da suke so shi ne ciniki da bindigogi da mutum mai gaskiya da zai isar da saƙonsu ga Turawa, kuma a ƙasar Nufe waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Amma amanar da suka ba shi ta gaske ce. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana kukan cewa barasar da Turawa ke shigowa da ita ta lalata masa jama'a, yana roƙonsa a matsayin uba da ya kai kukan ga Sarauniyar Ingila a hana. Masu yaƙi da cinikin giya a Birtaniya sun yi ta yaɗa wannan wasiƙa.

Jarrabawa daga cikin gida

Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Kwinin ya sa Turawa sun daina tsoron kogin, kamfanin George Goldie, wanda ya samu izinin mulki a 1886, ya ture 'yan kasuwa baƙar fata, ra'ayin fifikon farar fata kuma ya yi ƙarfi a Turai, har cikin coci. A 1878 aka samar wa mishan ɗin jirgin ruwa, amma aka danƙa shi da harkar kuɗi a hannun wani Bature wanda ba limami ba ne. A 1880 aka rubuta rahoto mai ɗauke da zarge-zarge a kan ma'aikatansa, ba a kuma ba waɗanda ake zargi damar kare kansu yadda ya kamata ba. A wannan shekara matarsa Susan ta rasu, a 1883 kuma mahaifiyarsa ta bi ta.

Gaskiya ita ce ba duk zargin ne ƙarya ba. Wasu ma'aikatan sun fi mai da hankali ga kasuwanci, wasu na shan giya, kuma a Anaca an yi wa wata yarinya dukan da ya zama ajalinta a hannun mutanen da ke da alaƙa da mishan, shari'ar da ta kai har majalisar dokokin Birtaniya ta yi magana a kai. Crowther mutum ne mai sanyin hali, wanda ya fi son nasiha da ba da dama ta biyu a kan kora, kuma tashoshinsa sun warwatsu a kan ɗaruruwan mil. Wannan rauni ne, kuma abokan hamayyarsa sun yi amfani da shi.

A 1890 wasu samarin Ingilishi masu zafin addini suka iso, a ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da John Alfred Robinson. Burinsu shi ne su shiga ƙasar Hausa, har sun zauna a Lakwaja suna sa riga da rawani. Suka dubi aikin shekara 33 suka yanke hukuncin cewa Kiristocin bakin kogi na suna ne kawai. A watan Agusta aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca, inda sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya shiga dakatar da limaman da bishop ya naɗa, a gaban bishop ɗin, har da ɗansa Dandeson, wanda shi ne babban limamin yankin Neja Delta. A tsarin cocin Ingila wannan ba hurumin sakatare ba ne. Tsohon, wanda ya haifi iyayen wasunsu a shekaru, ya ajiye shugabancin kwamitin ya tashi.

Labarin ya tayar da ƙura a Legas da Freetown. A 1891 wasu suka ɓalle suka kafa cocin 'yan Afirka mai zaman kanta, kuma da Crowther ya so da dubbai sun bi shi. Bai yi haka ba. Bai fito ya zagi kowa ba, bai kuma yanke hulɗa da ƙungiyar da ta raine shi tun yana yaro ba. Ya rubuta wa Landan cikin ladabi yana kare mutanensa, ya nuna cewa a shirye yake ya bar wa wasu wurin idan ana ganin bai iya ba, shi kuma ya tafi inda ba a taɓa kai bishara ba. Wasu masana na ganin wannan haƙuri ya yi yawa, kuma biyayyarsa ga CMS ta jawo wa na bayansa hasara. Masu kare shi kuwa na cewa abin da ya karanta wa sarakuna a Bida da Ilori shi ne ya aikata a Anaca, domin littafin da ya fassara ya hore shi da kada ya rama mugunta da mugunta. Abu ɗaya da ya amince da shi shi ne cocin Bonny da maƙwabtanta su riƙa ɗaukar nauyin kansu a ƙarƙashin limamai baƙar fata, ba tare da ficewa daga ɗariƙar Angalika ba.

A tsakiyar 1891 ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, aka kai shi Legas, ya rasu a daren ƙarshe na shekarar. A watan Afrilun 1892 Dandeson ya ƙaddamar da cocin yankin Neja Delta mai cin gashin kanta. Su kuwa samarin ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, watanni kafin bishop ɗin, Brooke kuma a watan Maris na 1892. Don tunawa da Robinson ne aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta tura ɗan'uwansa Charles Henry Robinson zuwa Kano a 1894, ya dawo ya wallafa ƙamus na Hausa.

Bature aka naɗa ya gaji Crowther, aka ba shi mataimaka biyu baƙar fata, kuma sai a shekarun 1950 ne wani ɗan Nijeriya ya sake riƙe cikakken muƙamin bishop mai yankinsa a wannan ɗariƙa. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail, Herbert Macaulay, shi ne ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya a 1923, ya kuma kwanta ciwon ajali a Kano a 1946 yana rangadin neman 'yanci. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin, shugaban cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar Canterbury ya nemi gafara a kan abin da aka yi wa Crowther.

Ko kabarinsa ma bai tsira daga tashi ba. A 1971 gwamnatin jihar Legas ta karɓe maƙabartar Ajele domin gina ofisoshi, kuma a 1976 aka tono ƙasusuwansa aka sake binne su a harabar babbar majami'ar Angalika da ke titin Marina, ana hangen ruwan da aka loda shi a jirgin bayi.